Labarin Kaka a Bakin Jika: Tarken Tarihin Abuja na Malam Hassan da Malam Shu'aibu

1.0 Gabatarwa

Unguwar Maitama tana cikin unguwannin da ake ji da su a birnin Abuja. A nan ofisoshin jakadanci da dama suke, a nan Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa take da mazauninta, kuma da yawa daga ƙananan titunan unguwar sunayen koguna da tafkuna aka laƙaba musu, irin su Nilu da Amazon da Misisipi da Danub da Tafkin Chadi. Mutane da dama sun ɗauka an raɗa wa unguwar suna ne don karrama marigayi Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, tun da yake a al'adar Hausa Maitama laƙabi ne na mai suna Yusufu. Ba haka abin yake ba. Maitama sunan wani ƙauyen Gbagyi ne da masu tsara birnin suka tarar a wurin, aka tashi mutanensa aka mai da su Kubwa a wajajen 1990, sunan kuwa aka bar shi a inda yake. Shi kansa sunan Abuja na aro ne, domin garin da ya amsa shi tun 1828 shi ne ake kira Suleja a yau.

Ke nan akwai zuriya iri biyu da suke da labarin kakanni a kan wannan ƙasa. Akwai gidan sarautar Zazzau da ya baro Zariya a zamanin jihadi ya kafa Abuja, akwai kuma mutanen da gidan ya tarar a wurin ya mulka. Na farko sun rubuta nasu labarin tun fiye da shekara 70 da suka wuce. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tarken wannan rubutu, wato littafin Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi, ba a matsayin kundin tarihin masarauta kamar yadda aka saba ɗaukarsa ba, a'a, a matsayin labarin kaka da ya fito daga bakin jika. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa daga nan ƙarfin littafin ya taso, daga nan kuma iyakarsa ta taso, kuma manazarcin harshe ya fi masanin tarihi damar gane hakan, saboda shaidar tana cikin sunaye da laƙubba.

2.0 Littafin da Marubutansa

Da Hausa Malam Hassan da Malam Shu'aibu suka yi rubutunsu, kuma an buga Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe a Zariya a 1952. Amma abin da duniya ta sani shi ne na Ingilishi, A Chronicle of Abuja, wanda Frank Heath ya fassara kuma ya tsara, aka buga a Ibadan a wannan shekarar, sannan aka sake fitar da shi a Legas a 1962. Kalmar tsarawa a nan tana da nauyi. Shafin farko na littafin bai ɓoye cewa Heath ya yi fiye da fassara ba, don haka duk mai magana a kan zubi da tsarin bugun Ingilishi ya san cewa hannu uku ne a cikinsa. Abin takaici ne a ce har yau akasarin masu kafa hujja da littafin, har da na sassan koyar da Hausa, da na Ingilishin suke aiki.

Littafin ya kasu gida biyu. Kashi na farko jerin sarakuna ne da abin da ya auku a zamanin kowanne, musamman yaƙe-yaƙe. Kashi na biyu bayanin ƙasa ne da jama'arta: sarautu, aure da haihuwa, sana'o'i, camfe-camfe, har da labarin Dutsen Zuma. A wannan kashi ne M. G. Smith ya sami abin da ya gina babban sashe na littafinsa Government in Zazzau (1960) a kai, domin ya ɗauki tsarin sarautar Abuja a matsayin madubin da za a hango Zazzau ta kafin jihadi a cikinsa, kuma ya dogara ƙwarai da bayanan Malam Hassan.

To, wane ne Malam Hassan? Ɗan gidan sarautar ne, ɗan'uwan Sarki Sulaimanu Barau wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1979, kuma shi ne ya zama Dallatun Abuja daga baya. Jerin sarakunan ya isa ya nuna kusancin marubucin da abin da yake rubutawa. Muhammadu Makau, wanda ya baro Zariya, da Abu Ja wanda ya gaje shi a 1825, da Abu Kwaka wanda ya hau a 1851, duk 'ya'yan Sarkin Zazzau Isiyaku Jatau ne. Ibrahim Iyalai (1877–1902) ɗan Abu Ja ne. Muhammadu Gani (1902–1917) ɗan Abu Kwaka ne. Musa Angulu (1917–1944) ɗan Ibrahim ne. Barau kuwa ɗan Gani ne. Idan aka yi lissafi za a ga abin mamaki: sarkin da ya yi karatu a Kwalejin Katsina, wanda a zamaninsa aka ɗauki sunan garinsa aka ba babban birnin Nijeriya, kakansa na wajen uba an haife shi tun kafin tutar Shehu ta iso Zariya. Tsakanin fitowar Makau da kafa Birnin Tarayya akwai shekara kusan 170, amma a wannan gida baki uku kawai labarin ya bi.

3.0 Dalilin da Ya Sa Jika Ne Mai Riƙe Labari

Kafin a shiga cikin littafin, ya kamata a tuna da wata al'ada da kowane Bahaushe ya sani amma ba kasafai ake haɗa ta da rubutun tarihi ba. Tsakanin uba da ɗa akwai kunya, balle ma ɗan fari, wanda iyayensa ba sa ko kiran sunansa. Ɗa ba ya zama ya tambayi ubansa yadda ya yi ƙuruciya, uba kuma ba ya buɗe wa ɗansa cikinsa. Tsakanin kaka da jika kuwa wasa ne. Kaka mace tana kiran jikanta mijinta, kaka namiji yana kiran jikarsa matarsa, jika yana tsokanar kakansa da tsufa da rowa ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. A ɗakin kaka ake tatsuniya, a nan kuma ake jin wa ya auri wa, wa ya gudu daga ina, wane ne aka sayo. Saboda haka tarihin gida a ƙasar Hausa tsallake yake yi, ya bar uba ya faɗa hannun jika.

Wannan hanya tana barin alama a kan abin da ta ɗauko. Kaka ba ta riƙe shekara, sai dai ta ce shekarar yunwa ko shekarar zuwan Nasara. Abin da take riƙewa shi ne kamanni da hali da abu guda da mutum ya yi wanda ba a manta ba. Haka kuma sunan kaka ba ya mutuwa, domin ana mai da shi ga jika, sai a sakaya shi da Abba ko Baba ko Inna saboda iyaye ba za su iya faɗarsa ba. Duk waɗannan alamomi suna nan a tarihin Abuja.

4.0 Laƙabi a Matsayin Rumbun Tarihi

Babu sarki ko ɗaya daga cikin na farkon nan da ake tunawa da shi da sunan yanka kaɗai. Abubakar ne ya kafa garin, amma Abu Ja ake ce masa saboda hasken fatarsa, kuma wannan laƙabi ne ya zama sunan gari, ya zo ya zama sunan babban birnin ƙasa. Jakadun ƙasashen waje da suke rubuta Abuja a kan takardunsu kullum, launin jikin wani Bazazzagi suke ambata ba su sani ba. Wanda ya gaje shi shi ma Abubakar ne, sai aka bambanta shi da Abu Kwaka, aka kuma ƙara masa Dogon Sarki saboda tsawonsa. Ja da dogo: wannan kallon 'yan gida ne, irin bayanin da tsohuwa take yi wa yaro idan ya tambaye ta yadda kakansa yake. Marubucin fada da ba shi da alaƙa da gidan da wuya ya tsaya a nan, zai fi karkata ga adalci da yawan dawaki. Ko sunan Musa Angulu abin lura ne. Angulu ba tsuntsun yabo ba ne a adabin Hausa, amma gidan bai goge sunan daga jerin sarakunansa ba, kuma wannan sakin jiki da sunan manya yana da ƙanshin wasan jika da kaka.

Laƙabin da ya fi buƙatar a dakata a kansa shi ne na Ibrahim Iyalai, wato Dodon Gwari. Kalmar dodo tana da fuska aƙalla uku a Hausa. Akwai dodon tatsuniya mai cin mutane, wanda ake tsorata yara da shi. Akwai dodon tsafi, wanda yake fitowa da shiga ta musamman a wasu al'ummomin kudancin ƙasar Zazzau da makwabtansu, mata da yara su ɓuya. Akwai kuma dodo na kirari da waƙar fada, inda kalmar take zama yabo tsantsa ga basaraken da abokan gaba suke shakka. A laƙabin Ibrahim duka ukun suna aiki lokaci guda. Ga bafade, yabo ne. Ga wanda ya san addinin gargajiyar yankin, akwai gatse a ciki, kamar ana cewa ga dodon da ya fi nasu. Ga uwar da take ƙauyen da mahaya suka dira da asuba kuwa, ma'anar farko ce kawai, ba ƙari ba ragi. Babu kalmar Ingilishi guda da za ta ɗauki wannan kaya, kuma wannan kaɗai ya isa hujjar komawa ga Hausar littafin.

Laƙabin bai tsaya a kan mai shi ba. Sarkin da ya gaji Barau a 1979, ya yi mulki har 1993, sunansa Ibrahim Dodo Musa, wato ɗan Musa Angulu, jikan Ibrahim Iyalai. Ya ci sunan kakansa, ya kuma gaji rabin laƙabinsa. Rabin da aka yar shi ne Gwari. A bakin gida kalmar ta wanke ta zama sunan ƙauna da ake kiran yaro da shi, waɗanda dodon ya tsorata kuwa sun fita daga cikinta.

Akwai wasu abubuwan ban mamaki da littafin ya adana a kashinsa na biyu, waɗanda ba za a daɗe a kansu ba. A tsarin da Abuja ta gada, Galadima da Wambai da Dallatu sarautun babanni ne, Iya da Sarauniya kuma na matan gidan sarauta ne, alhali a Zariya ta bayan jihadi Iya ta koma hannun 'ya'yan sarki maza. Cewa ɗan sarki kamar Malam Hassan ya zo ya riƙe Dallatu yana nuna yadda ma'anar sarauta take sauyawa sunanta yana nan, kuma mai nazarin ma'anar kalmomi zai sami aiki a wannan fage.

5.0 Filin Idi da Shekarar 1804

Labarin fitowar Makau daga Zariya shi ne ginshiƙin littafin, kuma a nan ne aka fi ganin hannun jika. Yadda gidan yake bayarwa, Makau yana bayan gari a filin Idi lokacin da rundunar Malam Musa ta auko, bai sami damar komawa cikin birni ya yi shiri ba, sai ya yi kudu da waɗanda suke tare da shi, har ya sami mafaka a wurin Koro na Zuba. Daga nan ya ci gaba da yaƙi har ya rasu a wajen Lapai a 1825.

Ba aikin wannan maƙala ba ne ta ce an yi haka ko ba a yi ba. Abin da ya shafe ta shi ne aikin da filin Idi yake yi a cikin labarin, domin yana amsa zargi biyu a lokaci guda ba tare da ya ambaci ko ɗaya ba. Zargi na farko shi ne na ragwanta: ba a ci Makau da yaƙi ba, shammatarsa aka yi. Na biyu ya fi zafi, shi ne hujjar jihadin kanta, cewa sarakunan Hausa sun gurɓata addini. Labarin bai yi musu da malaman Sakkwato ba, bai kawo aya ko hadisi ba, kawai ya nuna sarki a wurin salla ranar da aka kore shi. Wannan dabara ce ta adabin baka, inda hoto guda yake yin abin da dogon bayani ba zai yi ba, kuma marubutan sun kyauta da suka bar hoton ya yi magana da kansa.

Batun shekara kuma wani abu ne. Lissafin gida, wanda Smith ma ya bi, yana sa faɗuwar Zariya a 1804. Binciken da aka yi daga baya a kan rubuce-rubucen Larabci na masu jihadi ya tsayar da ƙarshen 1808. Shekarar 1804 ita ce ta hijirar Shehu Usmanu daga Ɗagel zuwa Gudu, wato mafarin al'amarin gaba ɗaya. Abin da ya faru a fili yake: ƙwaƙwalwar gida ta jawo ƙaramin aukuwa ta manna shi da babba, kamar yadda tsoho yake cewa an haife shi shekarar zuwan Turawa ko da shekara huɗu ce a tsakani. Wanda ya yi watsi da littafin saboda wannan ya nemi abin da kaka ba ta taɓa alkawarin bayarwa ba.

Sai kalmar Haɓe. Ba Hausa ba ce, Fulatanci ce, jam'in kaɗo, sunan da Fulani suke kiran wanda ba nasu ba. Duk da haka marubutan sun ɗora ta a kan sunan littafinsu, sun mai da ita tutar gida, wato mu ne waɗanda ba a ci ba. Abuja ta tsaya da ƙafarta har ƙarshen ƙarni na 19, ta kore hare-haren Zariya, ba ta shiga hannun kowa ba sai da Turawa suka shige ta a 1902. Karɓar sunan da abokin gaba ya raɗa maka ka mai da shi abin alfahari abu ne sananne a tarihin harsuna. Abin da ya sa ya zama abin lura a nan shi ne, mutanen da suka ɗanɗani zafin suna daga bakin wani su ne kuma suke kiran makwabtansu Gwari, sunan da masu shi ba su kiran kansu da shi, domin su Gbagyi ko Gbari suke cewa. Hausa ma ba ta tsaya nan ba, ta ƙera gwaranci ta ba shi ma'anar maganar da ba ta fita daidai.

6.0 Kakannin da Ba Su Yi Magana Ba

A nan ne iyakar littafin take. Gbagyi suna cikinsa daga farko har ƙarshe, amma a matsayi uku kawai: waɗanda aka yaƙa, waɗanda suke kawo gandu, da waɗanda ake bayyana al'adunsu. Ana jin sunan gari da sunan sarkin da ya ci shi, ba a jin abin da tsohuwar garin ta gaya wa jikanta game da wannan rana. Adalci ne a ce marubutan ba su raina makwabtansu ba, domin sun sake haɗuwa sun yi wani littafi a kan Gwari da Gade da Koro wanda aka buga a Ibadan a 1969, a lokacin da kaɗan ne suka damu da hakan. Sai dai bayanin al'adar mutane daban, ba su bakin magana daban.

Ba Malam Hassan da Malam Shu'aibu kaɗai ke da wannan giɓi ba, rubutaccen adabin Hausa ne yake da shi tun farkonsa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya, shi ma labarin asali ne: almajirai sun tambayi malaminsu daga ina ya fito, sai ya ba su labarin da ba su zata ba, na sata da bauta da ƙetare Sahara da uwar da ta bi sawun ɗanta har ta ƙare. Mijin uwar Umar, wanda shi ma Makau ne sunansa, bafaden Sarkin Kagara ne, kuma musibar gidan ta faro ne daga wani hari da aka kai ƙasar Gwari don kamo bayi, inda abokan gabarsa suka yi masa sharri a kan ganima. Littafin ya sa mai karatu ya yi kuka saboda bautar da ta sami Umar da uwarsa. Waɗanda Makau ya kamo kuwa ana wucewa ta kansu kamar kayan da aka yi rigima a kai. Ƙagaggen labari da tarihin gida sun haɗu a wuri ɗaya: ƙasar Gwari fage ce da ake zuwa a yi jarunta ko a gamu da ƙaddara a dawo.

Wanda ya nuna cewa akwai wata hanya shi ne littafin Baba ta Karo. Abin sha'awa, a gida ɗaya aka yi aikin biyu. Lokacin da M. G. Smith yake bin fadawa da masu sarauta a lardin Zazzau a 1949 da 1950, matarsa Mary tana zaune a Giwa tana rubuta abin da wata tsohuwa take faɗa mata da Hausa. An haifi Baba a 1877, ta rasu a 1951, littafin ya fito da Ingilishi a 1954, daga baya aka buga Hausarsa a Kano. Baba ba ta haihu ba, amma muryar kaka ce da ita sak. Ta faɗi cewa asalin gidansu Barebari ne, ta ba da labarin kakanta Ibrahim Dara da rinjin gidan da bayin da suke noma a ciki, ta faɗi yadda mahara suke kwashe mata a tafi neman kuɗin fansa, da yadda bayin suka watse bayan zuwan Turawa. Gidansu ya mallaki mutane, an kuma kama nasa. Saboda tana ba da labari daga tsakar gida ne ba daga zaure ba, bayin suna fitowa da sunayensu da aurensu da 'ya'yansu. Ita ma ba ta tsallake matsayinta ba, 'yar masu rinji ce kuma haka take kallon duniya. Amma ta isa shaida cewa idan aka sauya wanda ake tambaya, mutanen da suke cikin labarin ma sauyawa suke yi.

Ƙasar Abuja ba ta rasa irin wannan tsohuwa ba. Ladi Kwali, 'yar Gbagyi daga Kwali wadda ta rasu a 1984, a wurin wata 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane. A gidan Sarki Barau Michael Cardew ya fara ganin aikinta, ta shiga cibiyar tukwanen Abuja a 1954, yau kuma hotonta yana bayan takardar naira 20. An rubuta abubuwa da yawa a kan tukwanenta, an kai su Ingila da Amurka. Da an sami mai zama da ita makonni yana rubuta abin da manyanta suka gaya mata game da zamanin Dodon Gwari, da yanzu akwai littafin da za a ajiye kusa da na Malam Hassan.

7.0 Abin da Ya Rage a Kubwa

Wannan giɓi ya daina zama matsalar adabi kawai a ranar 3 ga Fabrairu 1976, lokacin da Janar Murtala Muhammad ya sanar da amincewa da shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, aka kuma kafa yankin Birnin Tarayya da Dokar Soja mai lamba 6 ta wannan shekara. Ɗaya daga cikin hujjojin zaɓen wurin ita ce ba ya hannun ko ɗaya daga manyan ƙabilun ƙasar. Da farko an yi niyyar kwashe mazauna yankin gaba ɗaya, sai a 1978 gwamnatin Obasanjo ta sauya shawara saboda tsadar aikin, aka ce waɗanda ginin birni ya taɓa kaɗai za a tasa. Mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a Jihar Neja, na Maitama da Kukwaba aka kai su Kubwa, gwamnati kuma ta tare a sabon birni ranar 12 ga Disamba 1991.

Gidan sarautar ya yi hasarar ƙasa mai yawa da sunan garinsa, amma ya sami Suleja daga sunan Sulaimanu, kamar yadda Abuja ta samu daga sunan Abu, kuma yana da littafi da duk mai bincike zai buɗe. Mutumin tsohuwar Maitama idan aka tambaye shi hujjar cewa kakansa ya yi noma a inda otal ko ofishin jakadanci yake a yau, ba shi da abin nunawa sai abin da ya ji daga bakin tsofaffi: inda rafi yake, inda kushewa take, gonar wa ke iyaka da ta wa. A rikicin diyya da na matsuguni, wanda bai ƙare ba a yankin, irin wannan magana ba ta da nauyin takarda. Wanda yake da shekara 40 lokacin tashin ya haura 70 yanzu.

Sassan harsunan Nijeriya suna da ɗalibai da na'urar ɗaukar magana, kuma sun daɗe suna tura ɗalibai tattara tatsuniyoyi da waƙoƙin daka. Tarihin gida bai sami irin wannan kulawa ba, wataƙila don an bar wa sashen tarihi, shi kuma sashen tarihi ya fi son abin da yake da shekara. Amma akwai tarko da ya kamata mai Hausa ya sani kafin ya tafi Kubwa. Dattawan Gbagyi da yawa suna jin Hausa sosai, don haka abu mafi sauƙi shi ne a yi hirar da Hausa. Idan aka yi haka, tsohon zai ba da labarin kakansa da harshen da aka yi wa Ibrahim Iyalai kirari da shi, zai kira kansa Bagware don haka mai tambaya ya sani, zai kuma tace abin da zai faɗa kamar yadda ake tacewa a gaban baƙo. Ɗalibin Hausa zai zama masa abin da Heath ya zama wa Malam Hassan, mai fassara kuma mai tsarawa, sai dai wannan karon babu asalin da za a koma a duba. Hanyar da ta fi ita ce a ɗauki maganar da Gbagyi, a rubuta ta da Gbagyi, fassarar Hausa ta zo a gefe, kuma mai riƙe na'urar ya zama jikan gidan, wanda al'ada ta ba shi izinin tambayar abin da ɗa ba zai tambaya ba.